Na iya waya, sai na koyi kwamfuta kafin in gama jami'a?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, da fatan an wuni lafiya. Ni ɗaliba ce a aji uku, ina karanta tattalin arziki a wata jami'a a nan Kano. Babu abin da ban iya a waya ba. Rijistar makaranta da kaina nake yi, ina tura kuɗi, har atamfa da leshi nake sarowa a Kwari ina sayarwa ta WhatsApp. Yayana ya dage sai na shiga makarantar kwamfuta a hutun nan na samo satifiket, wai saboda neman aiki. Ni kuma gani nake ɓarnar kuɗi ce, tunda waya ta ɗauke komai. Mene ne shawarar Malam?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yata. Allah ya yi wa karatu albarka, ya kuma buɗa kasuwa.

Ki koyi kwamfuta, kuma ki fara a wannan hutun. A nan yayanki ya fi ki gaskiya. Inda zan ɗan saɓa masa shi ne batun satifiket. Na daɗe ina horar da sababbin ma'aikata a garin nan, na kuma zauna a kwamitocin ɗaukar aiki, ban taɓa ganin an ɗauki mutum saboda takardar difloma ta shagon kwamfuta ba. Abin da na sha gani shi ne a ture takardar gefe, a juyo wa mutum da laftof a ce masa bismilla.

Ban raina iya wayarki ba. Wanda ya saba da waya ya riga ya rabu da tsoron na'ura, kuma wannan babban abu ne. Mu da muka fara taɓa kwamfuta da girmanmu mun san yadda hannu yake rawa. Amma manhajojin waya an gina su ne don kada mai amfani da su ya wahala. Wani ya riga ya tsara komai, naki dannawa ne kawai. Manhajar banki ta tambaye ki lambar asusu, ta nuna miki suna, ki sa lambar sirri, shi ke nan. A wurin aiki kuwa ke za a ce ki tsara. Za a zube miki bayanai a hargitse a ce ana son rahoto kafin la'asar, kuma babu wani maɓalli da zai haɗa miki shi. Wanda ya shekara goma yana hawa A Daidaita Sahu daga Kabuga zuwa Bata ya san hanyar ciki da bai, amma ranar da aka miƙa masa makulli zai gane cewa fasinja yake tun da can.

Ɗalibai kan ce min ai da kwamfuta suka rubuta JAMB. Haka ne, tun 2015 hukumar ta daina jarrabawar takarda da fensir gaba ɗaya. Sai dai ita da kanta ta sauƙaƙa abin har ya zama da maɓallai takwas ana iya gama jarrabawar, A zuwa D na zaɓen amsa, sauran na gaba da baya da miƙawa, don kada yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba ya cutu. Haka ma kwas ɗin gabatar da kwamfuta na aji ɗaya. A wurare da yawa ɗalibai ɗaruruwa ne a zaure guda, su haddace rabe-raben kwamfuta da tarihinta, su ci A, alhali ba su zauna gaban na'urar na awa biyu cikakku ba. Ba na zargin malaman, ɗalibai ne suka fi ƙarfin kayan aiki.

Ga yadda gwajin yake kasancewa a irin ayyukan da mai digirinki zai nema. A ba ki fayil ɗin Excel, manhajar tsara lissafi a jadawali, mai layi ɗari biyar na cinikin wani kamfani, a ce ki fitar da jimillar kowane wata, ki nuna kayan da suka fi tafiya, ki rubuta bayani na rabin shafi, ki turo duka ta imel cikin minti arba'in. Babu wani abu mai wuya a ciki. Amma a nan ake ganin mai sakamako mai kyau ya zaro waya yana haɗa lambobi ɗaya bayan ɗaya a kalkuleta. Wani ya gama aikin ya kasa sanin inda fayil ɗin ya shiga. Wata ta ɗauki hoton fuskar kwamfutar da waya ta turo a matsayin rahoto. Imel ya zo babu take, babu gaisuwa, daga adireshi mai ɗauke da sunan wasa na sakandare. Waɗannan yaran ba daƙiƙai ba ne, wasunsu sun fi masu yi musu intabiyun kaifin ƙwaƙwalwa, abin da ke ci min rai ke nan. Sati shida na zama gaban kwamfuta ne ya raba su da aikin, sai a ɗauki wanda bai kai su ilimi ba saboda shi ranar Litinin zai fara aiki ba tare da an tsaya koya masa ba.

Tunda tattalin arziki kike karantawa, Excel ne gatarinki, kuma kina da abin da yawancin 'yan ajinku ba su da shi: kasuwanci na gaske. Kada ki koya da misalan littafi. Ɗauko littafin cinikinki, ko ki bi saƙonnin WhatsApp da alat na banki na wata uku da suka wuce, ki zuba su a Excel. Kowane ciniki layi guda: kwanan wata, sunan mai saye, unguwarta, irin kaya, yadi nawa ko turmi nawa, nawa kika saro, nawa kika sayar, nawa aka biya. Daga nan ki fara yi wa fayil ɗin tambayoyi. Nawa ne ribar Janairu? Fomulolin Excel na tara jimilla, SUM da SUMIF, za su ba ki. Su wa kike bi bashi? Sai ki koyi IF da tace layuka. Kina son farashin kowane kaya ya faɗo da kansa idan kin rubuta sunansa? Aikin VLOOKUP ke nan, ko XLOOKUP a sababbin Excel. Atamfa ce ta fi kawo riba ko leshi, kuma a wace unguwa? Pivot Table, wato jadawalin da ke taƙaita bayanai rukuni-rukuni, zai amsa miki cikin minti ɗaya. Ranar da kika ga Pivot Table ya nuna miki cewa kayan da kike zaton su ke riƙe da kasuwarki ba su ne masu ribar ba, ranar za ki daina ganin Excel a matsayin darasi.

Akwai kuma ramukan da sai wanda ya yi aiki da bayanan gaske yake faɗawa cikinsu, kuma su ne ke bambanta wanda ya iya da wanda ya kalli bidiyo. Ki rubuta lambar waya mai farawa da 080, Excel zai cinye sifirin farko, domin shi a wurinsa adadi ne. Haka zai yi wa lambar asusun banki mai lamba goma idan ta fara da sifiri, kuma an sha dawo da takardar biyan albashi daga banki saboda wannan kaɗai. Maganinsa a mayar da gurbin lambobin ya zama na rubutu (Text) kafin a fara shigarwa. Kwanan wata ma haka. Idan an saita kwamfutar a tsarin Amurka, kika rubuta 03/04 kina nufin 3 ga Afrilu, ita za ta ɗauka 4 ga Maris ne, sai jimillar watanni ta lalace ba tare da wani gargaɗi ba. Sannan sunayen wurare. Jihar Kano ƙananan hukumomi 44 gare ta, amma ki tattara bayanan da mutum biyar suka shigar, za ki ga sun haura haka: wani ya rubuta Dawakin Tofa, wani D/Tofa, wani Tudun Wada, wani T/Wada, wani Nassarawa da s biyu, wani da ɗaya, wani kuma ya bar fili a ƙarshen sunan wanda ido ba ya gani. Kwamfuta kowanne daban take ƙirga shi. Tsabtace irin wannan hargitsi shi ne rabin aikin duk wanda ake kira jami'in bayanai, kuma masu haƙurin yinsa da kyau ba su da yawa.

Kada ki ɗauka bankuna da ƙungiyoyin waje kaɗai ke buƙatar wannan. Manyan 'yan kasuwar Singa da Kwari da Dawanau suna neman wanda zai riƙe musu lissafin sito da na bashi a kwamfuta, domin littafi ya daina ɗaukar girman harkarsu. Masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa da manhajojin lissafi suke aiki. Biyan kuɗi ga hukumomin gwamnatin tarayya tun 2015 ya koma asusun bai ɗaya ta Remita, rijistar kamfani a hukumar CAC ta intanet ake yi. A fannin lafiya alƙaluman asibitoci a manhajar DHIS2 ake shigar da su, masu aikin bincike a ƙauyuka kuma da manhajar KoboToolbox ko ODK suke tattara bayanai, kuma ƙungiya irin eHealth Africa, wadda ta taka rawa a yaƙi da shan inna, a nan Kano take da babban ofishi. Ko koyarwa kika zaɓa, jarrabawar TRCN, hukumar rijistar malamai, a kwamfuta ake rubuta ta, makarantu masu zaman kansu kuma a kwamfuta suke haɗa sakamakon yara.

Yanzu ga abin da na fi so ki riƙe. Baɗi za ki rubuta furojet. Al'adar da ta zama ruwan dare ita ce ɗalibi ya rubuta da hannu ya kai shagon buga takardu na bakin makaranta, ko ma ya biya wani ya yi masa babi na huɗu, na nazarin alƙaluma, gaba ɗaya. Ina roƙonki kada ki yi. Ban da matsalar amana da ke cikin sayen aiki, wanda ya yi haka ya yi asarar makarantar kwamfuta mafi inganci da zai taɓa samu, kuma da kuɗinsa. Furojet zai tilasta miki koyon Word, manhajar buga takardu, na gaske. Za ki san yadda ake sa wa kanun babi salon Heading don jadawalin abin da ke ciki ya fito da kansa, maimakon a zauna ana jera ɗigo-ɗigo da hannu wanda kowane gyara ke wargaza shi. Za ki san yadda ake raba takarda sashe-sashe don shafukan farko su ɗauki lambobin Rumawa, sauran su fara daga 1. Za ki koyi Track Changes, wanda da shi ofisoshi ke gyara wa juna takardu. Manhajar Zotero kyauta ce, ita za ta tsara miki manazarta a salon APA ba tare da kin yi kuskuren waƙafi ba. Alƙaluman da za ki yi aiki da su kuma suna nan a buɗe: Babban Bankin Nijeriya yana sakin kundin alƙalumansa na shekara-shekara a fayilolin Excel, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana fitar da na hauhawar farashi duk wata. Ki sauke su, ki tsabtace su, ki shigar da su manhajar nazarin alƙaluma, EViews ko Stata ko SPSS, duk wanda sashenku ke amfani da shi, ki gudanar da lissafin da hannunki. Zai ɗauke ki lokaci fiye da na ƙawayenki, wata rana har kuka za ki ji kamar ki yi. Amma ranar kare furojet babu tambayar da za ta girgiza ki, kuma ranar intabiyu kina da abin nunawa. Ki kuma ajiye aikin a wuri uku: kwamfuta, filash, da Google Drive. Duk shekara sai na ji ɗalibin da aka sace wa laftof ko filash ya mutu masa sati biyu kafin miƙa aiki.

Kafin duk wannan akwai bugun rubutu, wanda mutane ke rainawa. Mai buga rubutu da yatsa biyu yana kallon madannai, wasiƙar minti goma za ta ci masa awa guda, kuma kowa a ofis yana gani. Minti ashirin kullum a shafi irin TypingClub, da yatsu goma, ba kallon hannu. Ki sa wa ranki kalma 40 a minti.

To makaranta fa, a shiga ko kada a shiga? Idan ke mai iya zama ce ki bi darasi ke kaɗai, darussan YouTube da kwamfuta a gabanki sun ishe ki, har da Hausa akwai masu koyarwa. Idan kuma kin san sai da malami a kanki, ki shiga, amma ki je ki gani da idonki kafin ki biya. Ki shiga ajin lokacin da ake darasi. Kowane ɗalibi da kwamfutarsa, ko mutum huɗu ne suka yi wa guda ɗaya rumfa? Idan an ɗauke wuta akwai sola ko janareta, ko sai malam ya koma allo? Ki nemi ganin manhajar karatun. Idan sati biyun farko na tarihin kwamfuta ne da zana sassanta a littafi, ki yi musu sallama. Ki tambayi malamin ko za a kai ga Pivot Table. Yadda ya amsa zai gaya miki komai. Ba kya buƙatar CorelDraw sai idan zanen katin biki kike son yi sana'a. Akwai kuma ƙofofin da ba sa cin kuɗi sosai ko ma kyauta ne. Shirin horar da matasa fasaha na 3MTT da ma'aikatar sadarwa ta ƙaddamar a 2023 ƙarƙashin Dakta Bosun Tijani yana da ɓangaren nazarin bayanai, ki riƙa bibiyar lokacin da ake buɗe rijista. Cibiyar fasahar sadarwa ta CITAD ta daɗe tana horar da matasa da mata a Kano. Cibiyar horarwa ta Digital Bridge Institute, ta hukumar sadarwa NCC, tana da reshe a garin nan. Jami'arku ma tana da ɗakin karatu mai kwamfutoci wanda kuɗinsa yana cikin abin da kike biya duk shekara, kuma sau da yawa za ki tarar da kujeru babu kowa. Abin da ba zan ba ki shawara ba shi ne jiran bautar ƙasa. Akwai shirin koyar da sana'a na SAED a sansani, amma zaman sansanin duka sati uku ne, ga fareti ga gajiya. Gara ki isa wurin da aka tura ki da iyawarki, domin a shekarar bautar ƙasa ne wurare da dama ke zaɓen wanda za su riƙe.

Da za a bi ta tawa, kuɗin da yayanki ya ware a tara shi da ribar atamfa a sayi laftof, ko da tokumbo ce. Awa biyu sau uku a sati a makaranta ba za ta kamo mai kwamfuta a ɗaki ba. Idan za ku je kasuwar Beirut Road ko Farm Centre, ku tafi da wanda ya san kan abin. Ki nemi Core i5 ƙarni na takwas ko sama, RAM 8GB, ma'ajiya irin SSD mai 256GB. Dalilin ƙarni na takwas shi ne Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a ƙa'ida ba ta karɓar injinan da suka girmi wannan. Kada kyan jiki ko girman fuska ya ruɗe ki. A cire caja a gabanki a bar ta tana aiki ku ga yadda batir ke sauka, domin a yanayin wutarmu batir ya fi komai, sannan a danna kowane maɓalli a tabbatar yana aiki. Idan kuɗin bai kai ba a yanzu, ku yi karo-karo da 'yar'uwa ko ƙawa ku raba kwanaki.

Sai batun amana, wanda makarantun kwamfuta ba su cika koyarwa ba. Duk wanda aka zaunar gaban kwamfutar ofis an damƙa masa sirrin mutane: albashinsu, lambobin BVN da NIN, wani lokaci har cutar da ke damunsu. Tun 2023 Nijeriya tana da dokar kare bayanan jama'a, da hukumar da ke hukunta wuraren da suka yi sakaci. Ma'aikacin da ya ɗauki hoton jerin sunayen kwastomomi ya tura a guruf, ko ya buɗe imel ɗin ɗan damfara ya zuba kalmar sirrin ofis, zai iya jawo asarar da ta fi albashinsa na shekara. Ki fara horar da kanki tun yanzu. Kalmar sirri daban ga kowane muhimmin asusu, ba ranar haihuwa ba. Ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu a imel da WhatsApp. Idan kin yi amfani da kwamfutar kafe, ki fita daga asusunki kafin ki tashi, kada kuma ki bar wa mai shago kalmar sirrin fotal ɗinki don ya ƙarasa miki rijista.

Na san za ki ce ai ga ChatGPT da 'yan'uwansa. Ki yi amfani da su, ni ma ina yi. Suna da kyau wajen bayyana miki fomular da ta ƙi aiki ko gyara Turancin wasiƙa. Amma sukan ƙirƙiro littafin da ba a taɓa rubutawa ba su ba ki shi a matsayin madogara, sukan kuma ba da lissafi mara daidai cikin cikakkiyar natsuwa. Wanda ya san aikin ne kaɗai zai kama su. Kuma bayanan ofis ko na kwastoma ba a zuba musu.

A matsayinki na mace akwai wata riba ta daban. Rayuwa takan zo da aure da goyo, wani lokaci da ƙaura zuwa garin da ba ki zaɓa ba, ko maigidan da bai son aikin fita kullum. Na san matan da daga ɗakunansu suke riƙe wa shaguna da ƙananan makarantu lissafi, wasu suna tsabtace wa masu bincike bayanai, ana biyansu duk wata. Wadda ta iya buga Hausa da ƙugiyoyinta daidai, ɓ da ɗ da ƙ, ga Turanci, ita ma ana nemanta a aikin fassara da rubuta hirarrakin da aka naɗa.

Idan lokacin rubuta CV ya zo, kada ki tsaya ga cewa kin iya kwamfuta, kowa haka yake rubutawa, masu dubawa sun daina karanta layin. Ki faɗi abin da kika yi: kin riƙe lissafin kasuwancinki na shekara biyu a Excel, kin yi nazarin alƙaluman hauhawar farashi da EViews a furojet ɗinki, kina buga kalma kaza a minti. Ki mayar da CV ɗin PDF, ki sa masa cikakken sunanki, ki tura daga adireshin imel mai sunanki na gaskiya. Ranar intabiyu ki tafi da fayil ɗin cinikin a filash, bayan kin goge sunaye da lambobin kwastomominki, idan an tambaye ki Excel ki nemi izini ki buɗe musu.